Tarihin Kiichiro Toyoda, Wanda Ya Kafa Kamfanin Motoci Na Toyota

A duk inda direbobi da kanikawa suka zauna hirar motoci, ko a Kano ne ko a Agadas, ba a daɗewa sai an ambaci sunan Toyota. Waɗanda suka riƙe Hiace ko Hilux ko Corolla shekara goma ko ashirin, shaidar da suke bayarwa kusan iri ɗaya ce, watau mota ce mai jure wahala, wadda in an ba ta haƙƙinta na baƙin mai da ruwa a kan kari, sai ta tsufa a hannun mai ita, ya sayar wa wani, shi ma ya ci gaba da neman abinci da ita. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, motocin farko da wannan gida ya ƙera sun yi ƙaurin suna wajen mutuwa a hanya da kayan mutane. Wanda ya ɗauki wannan abin kunya ya mai da shi darasi shi ne Marigayi Kiichiro Toyoda, injiniya ɗan ƙasar Japan, wanda ya rasu a 1952 tun kafin motocinsa su sami sunan da suke da shi a duniya.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Kiichiro ran 11 ga watan Yuni, 1894, a wani ƙauye da ke lardin Shizuoka, a wurin da yanzu ake kira Kosai. Mahaifinsa, Sakichi Toyoda, ɗan kafinta ne wanda ya ba da rayuwarsa ga ƙirƙirar injin saƙa. Aikin ya ɗauke masa hankali ƙwarai har ba ya zaman gida, mahaifiyar Kiichiro kuwa ta bar gidan tun yana jariri, saboda haka a hannun kakanninsa ya fara wayo. Daga bisani, da mahaifin ya sake aure, aka mai da shi wurinsa, ya tashi a cikin ƙarar injuna da ƙurar auduga.

Akwai wata dabara guda daga cikin dabarun Sakichi wadda ta bi ɗansa har ƙarshen rayuwarsa. A masaƙun wancan zamani, in zare ɗaya ya tsinke injin ba ya sani, sai ya yi ta saƙa yadi mai aibi har sai ma'aikaci ya lura, kafin nan kuwa an yi hasarar zare da lokaci. Sakichi ya sa wa injinsa wata na'ura wadda take tsai da shi nan take da zarar zare ya tsinke. Da haka aibi ba ya wuce inda ya fara, kuma ba ya isa hannun mai saye. Wannan ita ce ƙa'idar da Kiichiro ya ɗauka daga masaƙa ya kai ma'aikatar mota.

Ya yi karatu a birnin Sendai, sa'an nan ya shiga Jami'ar Tokyo, inda ya gama ilmin injiniya a 1920. Shekara ta zagayo ya kama aiki a kamfanin kaɗi da saƙa na gidansu. A cikin 1921 da 1922 ya yi tafiya Amurka da Ingila, ya ga yadda motoci suka cika titunan Amurka, ya kuma zauna ɗan lokaci a garin Oldham yana koyon aiki a kamfanin Platt Brothers, wanda a lokacin yana cikin manyan masu ƙera injunan saƙa a duniya.

Daga masaƙa zuwa mota

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1924 uba da ɗa suka kammala injin saƙa da ake kira samfurin G, wanda yake canja ƙoshiyar zare da kansa ba tare da ya tsaya ba, kuma yake tsayawa in zare ya tsinke. Ba su yi gaggawar sayar da shi ba. Sai da suka jera ɗaruruwansa a wata masaƙar gwaji a garin Kariya, suka bar su suna aiki wata da watanni, ana duba abin da ke lalacewa ana gyarawa. A 1926 aka kafa kamfani na musamman don ƙera shi. Injin ya yi suna har kamfanin Platt Brothers, inda Kiichiro ya yi koyo, ya nemi izinin ƙera shi, aka ƙulla yarjejeniya a watan Disamba na 1929 a kan fam 100,000.

Kiichiro ne ya tafi Ingila sa hannu. A wannan karon ya tarar da kasuwar auduga ta faɗi, garin da ya bari cikin wadata rashin aiki ya addabe shi. Ya fahimci cewa sana'ar saƙa kaɗai ba za ta riƙe gidansu har abada ba. A gida Japan kuwa, tun bayan babbar girgizar ƙasar da ta rushe Tokyo a 1923 ta kuma lalata hanyoyin jirgin ƙasa, bukatar mota ta ƙaru. Amma baƙi ne suke cin kasuwar, gama kamfanin Ford ya buɗe wurin haɗa motoci a Yokohama a 1925, General Motors kuma ya buɗe nasa a Osaka a 1927.

Sakichi ya rasu a watan Oktoba na 1930. A cikin wannan shekarar Kiichiro ya keɓe wani lungu a ma'aikatar injunan saƙa, shi da 'yan ma'aikata kaɗan suka shiga nazarin ƙananan injuna masu shan fetur. A watan Satumba na 1933 aka buɗe sashen motoci a kamfanin. Suka sayo mota Chevrolet, suka warware ta ƙusa bayan ƙusa, suna auna kowane ƙarfe suna zana shi.

Kwaikwayon siffa bai yi wuya ba, ingancin ƙarfe ne ya gagara. Gangar jikin injin mota dunƙulen ƙarfe ne da ake narkawa a zuba a mazubin yashi, da hanyoyin ruwa a cikinsa, kuma in iska ta maƙale a cikin zubin, ko ƙarfen ya huce ba daidai ba, sai injin ya tsage ko ya riƙa yoyo. Sun yi hasarar ɗaruruwan zubi kafin su gane kansa. Ƙarfen da ake samu a kasuwa ma bai dace da mota ba, har ta kai Kiichiro ya kafa nasa wurin sarrafa ƙarfe. A watan Satumba na 1934 injinsu na farko ya tashi. Da fari ƙarfinsa bai kai na Chevrolet ba, sai da aka sake fasalin kansa sa'an nan ya kai ƙarfin dawaki 65. A watan Mayu na 1935 aka gama ƙaramar motar gwaji mai suna A1, a watan Agusta kuma aka gama motar ɗaukar kaya mai suna G1.

Motar da ta riƙa mutuwa a hanya

Wannan mota G1, mai ɗaukar tan ɗaya da rabi, ita ce ta fara shiga kasuwa, kuma ita ce ta koya wa Kiichiro abin da jami'a ba ta koya masa ba. Tun a hanyar kai ta Tokyo don nuna wa jama'a a watan Nuwamba na 1935 ta fara ba da wahala, sai da aka yi ta gyara kafin a isa. Da ta shiga hannun masu sufuri kuwa, sai ƙorafi ya yi ta zuwa. Hanyoyin Japan na wancan lokaci yawancinsu ba kwalta, masu motoci kuma suna yin lodi fiye da ƙima, kamar dai yadda aka saba a ko'ina. Abin da ya fi yawan karyewa shi ne ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya.

Mutumin da ya sayi motar kaya da bashi, ranar da ta kwana a hanya ya yi hasarar kuɗin haya, ya kuma zubar da amanar mai kaya. Kiichiro ya san wannan sarai. Tarihin kamfanin ya nuna cewa in labari ya zo wata mota ta mutu, ko dare ko rana, ana tura kanikawa da kayan gyara, sau da yawa kuma shi da kansa yake zuwa. Yakan ba mai motar haƙuri, a kwashe kayan a sa wa wata mota don su isa inda za su, shi kuwa ya shiga ƙarƙashin wadda ta lalace ya ga abin da ya karye da idonsa. Gani ya kori ji. Ƙarfen da ya karye ba a yar da shi, ana mai da shi ma'aikata a bincika ko zanen ne da kuskure, ko ƙarfen ne bai gasu daidai ba, ko wajen walda ne aka yi sakaci. In an gano, sai a canja yadda ake yin wannan abin a dukan motocin da za su biyo baya. Ta haka aka yi wa motar ɗaruruwan gyare-gyare cikin ɗan lokaci, ko da yake guda 379 kacal aka ƙera kafin a maye gurbinta da wadda ta fi ta.

A wannan aiki ya sami abokin tafiya, Shotaro Kamiya, wanda ya bar babban muƙami a General Motors na Japan a 1935 ya zo ya riƙe sashen sayarwa. Kamiya ya tsara cewa bukatar mai saye ita ce gaba, ta dillali ta biyo, ta kamfani kuwa ita ce ƙarshe. Dillali na farko a birnin Nagoya yake, kusa da ma'aikata, saboda haka duk abin da ya sami mota ana jin labarinsa da wuri. Bugu da ƙari, Kiichiro ya kafa sashe na musamman mai bin diddigin ƙorafin masu motoci, ya sa ɗan ƙanen mahaifinsa, Eiji Toyoda, wanda bai daɗe da gama jami'a ba, a cikin aikin. An kuma san shi da rashin yarda da injiniyan da hannunsa ba ya taɓa baƙin mai.

Kafuwar kamfanin Toyota

A 1936 gwamnatin Japan ta kafa dokar da ta fifita masu ƙera motoci na gida, ta ba gidan Toyoda da kamfanin Nissan lasisi. A cikin shekarar ne ƙaramar mota AA ta fito, wadda aka ƙera guda 1,404 kafin a daina. A shekarar ce kuma aka sauya sunan motocin daga Toyoda, wanda ma'anarsa gonar shinkafa mai albarka, zuwa Toyota, domin a rubutun Japan sabon sunan jan alƙalami takwas ne, takwas kuwa lamba ce da suke yi wa kallon sa'a.

Ran 28 ga watan Agusta, 1937, aka yi rajistar kamfanin Toyota a matsayin mai zaman kansa. Mijin ƙanwarsa, Risaburo Toyoda, shi ne shugaba na farko, Kiichiro yana mataimaki, sai a 1941 ya hau shugabancin. A watan Nuwamba na 1938 aka buɗe babbar ma'aikata a garin Koromo, wanda a 1959 aka sake masa suna ya koma birnin Toyota.

A Koromo ne ya fito da tsarinsa na biyu. Ya hana a tara kayan haɗa mota a rumbuna. Ya ce a kowace rana a yi abin da ake bukata, daidai yawan da ake bukata, a daidai lokacin da ake bukatarsa. Dalili na fili shi ne kamfanin ba shi da kuɗin da zai jibge a kan kayan ajiya. Amma akwai wani amfani da ya shafi inganci kai tsaye. In an ƙera ƙarfe dubu an ajiye, kuma akwai kuskure a ƙirar, ba za a gane ba sai bayan watanni, lokacin da dubun duka sun lalace. In kuwa na yau kaɗai aka yi, to, yau ɗin za a ga kuskuren.

Yaƙi da abin da ya biyo baya

Yaƙi bai bar shi ya gwada wannan tsari yadda yake so ba. Soja suka mallake kayan aiki, aka tilasta wa kamfanin ƙera motocin kaya kusan zalla. Ƙarfe ya yi ƙaranci har aka riƙa fitar da mota mai fitila ɗaya a gaba, da katako a inda ya kamata a sa ƙarfe. Ran 14 ga watan Agusta, 1945, kwana ɗaya kafin a sanar da sallamawar Japan, bam ya faɗa a ma'aikatar Koromo ya rushe wani sashe nata.

Bayan yaƙi, hukumar mamaya ta Amurka ta ba da izinin ƙera motocin kaya, amma ta ƙuntata ƙera ƙananan motoci har zuwa 1949. Don ya ciyar da dubban ma'aikatansa, Kiichiro ya yi ta binciken waɗansu sana'o'i, har da gina gidaje da allunan siminti. A 1947 ya fito da ƙaramar mota SA, wadda aka yi mata laƙabi Toyopet, amma jama'a ba su da kuɗin saye.

A 1949 gwamnati ta tsuke bakin aljihu don kashe hauhawar farashi. Waɗanda suka sayi motoci bashi suka kasa biya, kamfanin ya kai bakin durƙushewa. Bankuna suka haɗu suka ba da rance bisa sharaɗin a raba sashen sayarwa ya zama kamfani dabam, aka yi haka a watan Afrilu na 1950. Batun rage ma'aikata shi ne ya fi ci wa Kiichiro rai, domin an riga an yi wa ƙungiyar ma'aikata alkawarin ba za a kori kowa ba, su kuwa sun yarda an rage masu albashi. Da abin ya faskara aka nemi mutum 1,600 su ajiye aiki, sai rikici ya ɓarke, aka shafe wata biyu ana yajin aiki da jayayya. A watan Yuni na 1950 Kiichiro ya ɗauki alhakin abin da ya faru, ya sauka daga shugabanci. Ma'aikata 2,146 ne suka bar kamfanin.

Makonni kaɗan bayan haka yaƙin Koriya ya ɓarke, sojan Amurka suka yi odar dubban motocin kaya, kamfanin ya farfaɗo a hannun sabon shugaba, Taizo Ishida. Kiichiro ya koma gidansa a Tokyo yana ci gaba da zanen ƙaramar mota da binciken jirgin sama mai saukar ungulu. An riga an shirya mai da shi kujerarsa a 1952, amma ya daɗe yana fama da hawan jini. Ran 27 ga watan Maris, 1952, ya rasu sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 57.

Abin da ya bari

Waɗanda ya horar su ne suka ƙarasa aikin. Eiji Toyoda da Taiichi Ohno, wanda shi ma daga masaƙar gidan Toyoda ya fito, suka haɗa ƙa'idojin nan biyu suka mai da su tsarin aikin ma'aikata. An ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya kira mai duba aiki, har a tsai da layin haɗa motoci in ya ga aibi, kamar dai yadda injin Sakichi yake tsayawa in zare ya tsinke. Ohno kuma ya koya wa mutanensa su yi ta tambayar dalilin kowace matsala, dalili bayan dalili har sau biyar, sai sun kai ga tushenta.

Duk da haka sunan bai samu a dare ɗaya ba. Mota Crown da ta fito a 1955 ta yi daidai da munanan hanyoyin Japan, amma da aka kai ta Amurka a 1958 sai ta kasa jure doguwar tafiya da gudu a manyan tituna, injinta yana zafi, dole aka dakatar da sayar da ita a can. Kamfanin ya sake yin abin da Kiichiro ya yi da G1. A 1961 ya shiga shirin kula da inganci a kowane sashe, ɗansa Shoichiro yana cikin jagororin shirin, a 1965 kuma ya ci lambar Deming, wadda ake bayarwa a Japan kan ingancin aiki. Bayan nan ne Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Land Cruiser kuwa asalinta tun 1951 ne, Kiichiro yana da rai, ko da yake sai a 1954 aka raɗa mata wannan suna.

Shaidar masu riƙe da waɗannan motoci ta zo daga wurare masu wuya. A hanyoyin Sahara, Land Cruiser da Hilux ne abin dogaron matafiya. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987 sojan Chadi sun dogara da su ƙwarai, har aka riƙa kiran wannan faɗa yaƙin Toyota. A Amurka kuwa, a 2016, wani mutum a jihar Louisiana ya cika mil miliyan ɗaya da motarsa Tundra ƙirar 2007. Kamfanin ya ba shi sabuwa ya karɓi tsohuwar, injiniyoyi suka warware ta don su ga abin da ya ci da abin da bai ci ba. A 2021 adadin Corolla da aka sayar tun fitowarta ya wuce miliyan 50.

Ya kamata a faɗa kuma cewa kamfanin ya taɓa yin sake da wannan gado. Bayan ya zarce General Motors a yawan sayar da motoci a 2008, a cikin 2009 da 2010 dole ta sa ya janye miliyoyin motoci don gyara matsalar da ta shafi totur. Jikan Kiichiro, Akio Toyoda, wanda ya shugabanci kamfanin daga 2009 zuwa 2023, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a watan Fabrairu na 2010, ya ba da haƙuri, ya amsa cewa saurin faɗaɗa kamfanin ya sha gaban kula da inganci.

Ga ɗalibi mai karatun injiniya, da ma'aikacin da aka damƙa wa kula da motocin hukuma, tarihin wannan mutum yana nuna inda ƙarkon mota yake fitowa. Rabi yana hannun maƙeri wanda yake sauraron ƙorafin mai saye, yake kuma bin kowace ɓaraka har tushenta. Sauran rabin yana hannun mai riƙo, wanda zai canja baƙin mai a kan lokaci, ya kaɗe matatar iska in hunturu ya kawo ƙura, ya guji lodin da ya wuce ƙima, ya tsaya ya duba tun ƙaramar ƙara ba ta zama babbar ɓarna ba. Kiichiro Toyoda ya shafe shekara ashirin da biyu a kan aikin mota, daga lungun da ya keɓe a 1930 har rasuwarsa, kuma mafi yawan waɗannan shekaru gyaran kuskure ya yi a cikinsu.